Ki Shafa Fatiha, Ki Ci Gaba da Zama

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Daga Daura, zuwa ga 'yata Rabi'atu, wadda nake kira Uwata saboda sunan mahaifiyata da ta ci.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da mijinki Sani, Ya sa kin shiga sabon gida da sabon wurin aiki da ƙafar dama. Na ba Malama Hajara ta kawo miki, tunda ita ce za ta jagoranci sauran ayarinku su same ki a Abuja, ku kai kukanku majalisar tarayya. Na zaɓi rubutu ne don na san halin bakina. In na buɗe shi, baƙar magana ke riga mai daɗi fitowa. Labarin gida kuwa ba zan ba ki ba, yadda kika bar shi haka yake.

Ranar da kika zo sallama kika durƙusa a ƙofar zaure, na ce miki "to, a sauka lafiya," ban ko rage ƙarar rediyo ba. Kin daɗe a durƙushe kina jiran ƙari, ƙarin bai zo ba, kika tashi. Mahaifiyarki ta kwana biyu tana ajiye mini abinci ba tare da ta ce ga shi ba. Da ta buɗe baki sai ta ce, "Malam, 'yarka ta tafi gaban manya ba albarkar uba a kanta. In sun raina ta, kai ka fara." Na yi mata tsawa, amma maganar ta zauna.

Kin san inda abin ya samo asali. Ranar da kuka cika mini zaure da kwalaye, ke da 'yan ƙungiyarku, kuna rubuta kiran a tsagaita wuta a kan Falasɗinawa, na shigo na tsaya a kanku. Na fara gyara muku kuskuren Turanci a kwali ɗaya, don ba na iya ganin kuskure in wuce. Sannan na ce, a gaban ƙawayenki, "Da kwali za ku sauko da jirgin yaƙi? Mutanen da za ku je wurinsu, ko kwalbatin unguwarsu ba su iya gyarawa ba." Kika ce, "Baba, to mu yi shiru ke nan?" Na ce, "Ku yi musu addu'a kamar kowa. Allah Ya kawo musu ɗauki." Na ɗaga hannu na shafa. Duk kuka shafa. Na juya ina jiran in ji kuna tattara kaya. Sai na ji kin ce, "Amin, Baba," kika jawo wani kwalin kika ci gaba da rubutu.

Kin ɗauka rashin biyayya ne ya ɓata mini rai. Ba shi ba ne. Ki yi haƙuri ki karanta, zan gaya miki abin da ya soke ni.

Kina goye a bayan uwarki aka yi wani yaƙin irin wannan a kan mutanen nan. Yaƙinsu ya girme ki, ya kusa girme ni. Lokacin babu wayoyin nan da ke kawo gawar yaro har cikin tafin hannu, rediyo ne kawai, amma abin da kunne ya ji ya isa ya hana mutum cin tuwo. Ni kuma a lokacin ina ji da kaina. Na yi karatu a Katsina, na yi a Zariya, ina shugaban makaranta, in za a rubuta wa hukuma takarda ƙofata ake bugawa. Muka haɗu, malaman makaranta da 'yan kasuwa da manoma, wasu daga Zango, wasu daga Sandamu, har da mutanen garin Babban Mutum da suka zo a bayan a-kori-kura. Muka ce ɗan majalisarmu na tarayya zai zo gida hutun salla, mu je mu ce masa ya miƙe a zauren majalisa ya nemi ƙasarmu ta ɗaga murya a daina kashe mutane. Abu ɗaya tak. Aka ce wa zai yi magana? Kowa ya juyo ya dube ni. Ban ko yi irin noƙewar nan ta kunya ba, na karɓa.

Ba zan kira sunan mutumin ba, ƙasa ta rufe masa ido, Allah Ya gafarta mana baki ɗaya. Abin da ya kamata ki sani shi ne aji ɗaya muka yi da shi a Katsina, benci ɗaya. Ni ke yi masa bitar Turanci kafin jarrabawa. Ya zama mai gidan bene da 'yan sanda a ƙofa, ni ina kan babur ɗin da sai an tura. Wannan abu yana cina a rai, ban taɓa faɗa wa kowa ba. Da wannan ciwon na shiga gidansa.

Muka tuɓe takalma a bakin falo, suka yi tsibi. Ya fito da fara'a ya rungume ni, ya ce, "Shugaba! Malamina na kaina!" Ya zaunar da ni kusa da shi a kan kujera, sauran jama'a a ƙasa kan darduma. Aka shigo da fura mai sanyi da dambun nama da soyayyun zabi. Muka ci. Aka yi gaisuwa, aka tambayi iyali, aka tambayi damina, aka tuna wane da wane da suka rasu. Sai da ciki ya yi nauyi, baki ya yi maiƙo, sannan ya ce, "To, Shugaba, muna saurare."

Ga shawarata ta farko, tun kafin in kai ga babban abin. Kada ki ci kafin ki faɗa. Ba na ce ki wulaƙanta abincin mutum ba, wannan ba tarbiyyar gidanmu ba ce. Ki ce, "Ranka ya daɗe, mun gode, a ajiye mana sai mun sauke abin da muka ɗauko." In baki ya ci, ido ne ke jin kunya. Kuma in ya nuna miki kujera kusa da shi, ya bar mutanenki a ƙasa ko a tsaye, ki gode ki zauna inda suke. Kujerar nan ba girmamawa ba ce, raba ki da su ake yi. Ni da na hau ta, sai na ga ina kallon mutanena daga sama, kamar yadda shi yake kallonsu.

Na miƙe, na gyara riga. Sai shaiɗan ya raɗa mini cewa yau ce ranar da zan tuna wa mutumin nan wane ne ya koya wa wani. Na buɗe baki da Turanci. Uwata, na yi jawabi! Na kawo tarihin ƙasar tun daga tushe, na kawo dokokin duniya, na jero kalmomin da ni kaina sai da na duba ƙamus kafin in fito daga gida. Mutanena suna ta gyaɗa kai, ba don sun ji ba, don dai nasu ne ke zuba. Na ga yana murmushi, na ɗauka burge shi na yi. Sai da na zauna na tuna ban yi tambayar ba. Na yi wa'azi, na yi darasi, amma ban ce "za ka miƙe ko ba za ka miƙe ba?"

Don haka ki yi magana da harshen waɗanda suka aiko ki. In ɗan majalisar da kuka samu Bahaushe ne, ki yi masa Hausa, Hausar kasuwar Daura, wadda tsohuwar da ta sayar da kazarta don ta biyo ku za ta ji ta kuma riƙe. In ba ya jin Hausa, ki faɗa da Turanci a gajarce, ki juyo ki fassara wa mutanenki abin da kika ce da abin da ya ce, kalma da kalma. Su ne shaidunki. Wanda ya yi alkawari da harshen da shaidu ba sa ji, bai yi alkawari ba. Kuma kada ki je don ki burge. Ke ungozoma ce, kin san nauyin jariri sabuwar haihuwa a hannu. Kin gaya wa uwarki cewa tun da kika ga hoton bakwaini da aka ciro daga kwalba saboda an yanke wutar asibiti, ba ki ƙara karɓar haihuwa ba tare da kin tuna su ba. Wannan kaɗai ki faɗa. Ya fi duk tarihin da na haddace. Daga nan ki yi tambayarki, gajera, wadda ba ta da ƙofar baya: zai kawo ƙudiri a nemi tsagaita wuta, ko zai goyi bayan wanda ya kawo, ko kuwa a'a? In e ne, a wane zama?

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Da na zauna, mutumin ya sunkuyar da kai. Ya cire tabarau ya goge ido. Ban sani ba ko hawayen gaske ne, Allah Ya sani, ba zan ɗauki alhakinsa a kan wannan ba. Ya yi ajiyar zuciya, ya ce da Hausa, a hankali, "Wallahi Shugaba ka tayar mini da ciwo. Abin nan ya fi ƙarfin ɗan Adam, sai Mai sama. Liman, don Allah a yi wa 'yan'uwanmu addu'a." Limamin da muka zo da shi, mutumin kirki, ya ɗaga hannu. Ya yi addu'a mai tsawo mai ratsa jiki, har wasu suka yi kuka. Ya ce, "Fatiha." Muka karanta, muka shafa.

Kin san al'adarmu. An shafa Fatiha, magana ta ƙare. Da ita ake rufe ɗaurin aure, da ita ake rufe sulhu, da ita ake sallamar masu ta'aziyya. Ba wanda ya ce mana ku tashi. Jikinmu ne ya tashi da kansa. Kafin in sauke hannu daga fuska, rabin mutanena suna bakin ƙofa suna laluben takalma. Shi kuma ya riƙe hannuna ya rako ni har waje yana cewa, "Ka riƙa leƙo mu mana, Shugaba." Tambayar tana nan a maƙogwarona. Na ji nauyin in ce a dawo a zauna bayan an shafa, kamar wanda ya ce addu'ar ba ta isa ba. Na haɗiye ta. Na sa takalmina.

A ƙofar gida wani dillalin shanu daga Babban Mutum, Alhaji Ɗan'azumi, ya kamo hannun rigata. Ya ce, "Malam, Turanci dai ya sha wuya yau, Allah Ya ƙara basira. To me ya ce? Zai yi?" Na ce, "Ya ce zai duba." Bai faɗi haka ba, Uwata. Ko wannan ɗan abin bai ba mu ba, ni na ƙirƙira masa. Alhaji ya ce, "Alhamdu lillahi, tafiya ta yi kyau." Ya hau mota ya koma ya gaya wa mutanen garinsu an dace. Da na iso gida uwarki ta dube ni ta dubi maiƙon da ke gaban rigata, ta ce, "Roƙo kuka je ko walima?"

Ki fahimce ni da kyau, kada ki ce tsohon nan ya fara raina addu'a. Allah Ya tsare ni. Addu'a takobin mumini ce, kuma mutanen da ake yi wa ruwan wuta suna buƙatarta daga bakin kowa. Amma addu'a aikin wanda ba shi da kujera ne da wanda yake da ita baki ɗaya. Miƙewa a majalisa kuwa aikin mai kujera ne shi kaɗai. Abin da mutumin ya yi mana shi ne ya biya mu da abin da muke da shi a gida, ya riƙe abin da muka zo nema. Da addu'a muke so, da masallacin unguwa ya ishe mu, ba sai mutanen Zango sun bar gonakinsu ba.

Shekara ashirin da ɗoriya ina juya wannan rana a raina. Na tsara amsoshi iri-iri da ya kamata in ba shi, masu kaifi, wasu da Turanci. Ban taɓa gano amsar ba sai ranar da na yi miki abin da aka yi mini. Na rufe miki baki da addu'a a zaurena, kika ce amin, kika ci gaba da zama. Ashe shi ke nan. Babu ayar da ta ce in an shafa a tashi. Babu malamin da ya taɓa karantar da mu haka. Sabo ne kawai, da kunya. Abin da na kasa ganowa da duk takardun shaidata, na gan shi a hannun 'yar da na haifa, a gaban ƙawayenta. Shi ne ya hana ni ɗago kai ranar sallama. Ba fushi da ke nake ba.

To amma kada ki ɗauka kin iya an gama. Zauren ubanki daban, falon mai mulki daban. Ni ba ni da 'yan sanda, ba ni da sanyin na'ura, ba ni da yaran da za su riƙa duba agogo suna cewa Oga yana da wani taro. Can za a yi miki da laushi, laushin da ya fi tsawa ɗaure mutum. Za a ce miki 'yata, za a ce an san mahaifinki, za a yabi tarbiyyarki. Sannan a nemi wani a cikinku ya yi addu'a. Ki shirya tun daga gida. Ki roƙi wanda zai yi muku addu'a ya yi ta a farkon zama, a buɗe da ita. Ki gaya wa Malama Hajara da sauran mata cewa in an sake ɗaga hannu, a ɗaga, a ce amin da zuciya ɗaya, a shafa, amma kada wadda ta taɓa jakarta. Sai ki ce, "Allah Ya karɓa, ranka ya daɗe. Saura amsarmu." Za a yi shiru mai nauyi. Ki bar shi ya yi nauyin. Ba ke ya kamata ki ji kunya ba.

An ce mini yanzu sun samo wata sallamar, hoto. Mutum zai karɓi kwalinku ya riƙe, ya tsaya a tsakiyarku, a ɗauka, kafin ku kai bakin titi ya bazu a waya an ce ya karɓi baƙuncin masu kishin Falasɗinu. Ya ci riba da ku, ku kun tashi hannu rabbana. Hoto ma a ajiye shi tare da abinci, sai bayan amsa. In ya ce a'a, ki gode masa, a'a ma amsa ce, ta fi murmushi daraja. Ki dawo ki gaya wa mutanen da suka aiko ki cewa a'a ya ce, da bakinsa. Kada ki gyara masa magana kamar yadda na yi. Alhaji Ɗan'azumi ya rasu yana zaton an yi wani abu da sunansa.

Akwai wani kuskuren da ya fi wancan muni, don wancan yini ɗaya ne, wannan kuwa rabin rayuwa. Bayan ranar ban sake shiga wata tafiya ba. Ban ce na ji kunya ba, na ce na waye. Na samu benci a gindin dalbejiyar ƙofar gida, na ɗora rediyo a cinya, na zama mai fassara wa mutane dalilin da ya sa komai ba zai yiwu ba. Kuma na iya, don ina da ilimin. Duk wanda ya zo da wani yunƙuri, in warware masa shi zare-zare har ya tafi jikinsa a sanyaye, ni kuma in ji daɗi na yi gaskiya. Sau da yawa gaskiyar nake yi, abin takaicin ke nan. Amma gaskiyar da ba ta taɓa ɗaga ko tsinke ba, ban san me zan ce da ita ba ranar da za a tambaye ni.

Har yanzu ban canza ra'ayi a kan mutanen da za ki gani ba. Ban yarda da su ba. Ban kuma yi imani cewa in majalisarmu ta yi magana gobe, jibi za a daina jefa bam ba. Masu yaƙin ba su san da Daura ba, ba su damu da Abuja ba. Ina gaya miki wannan ne don kada ki tafi da zaton da zai karya ki. Wanda ya je da tabbacin nasara, shi ne ke dawowa ya nemi benci kusa da nawa. Ki je don an wajabta wa mai baki ya yi magana, kuma don murya ɗaya a kan ɗaya ce ke zama hayaniyar da ke hana azzalumi barci. In kin fito babu komai, ki koma. In an hana ku shiga, ku nemi wani. Su da yawa ne a majalisar nan, ba za a rasa mai sauran kunya ba.

Za a ce miki, kuma a Daura ma an fara cewa, "Ku da ba ku gama da gobarar gida ba, kuna ɗaukar ruwa zuwa ta maƙwabta." Za a tuna miki ƙauyukan jiharmu da 'yan bindiga suka tayar, da matan da ke kwana a makarantu da tashoshi. Maganar tana da zafi don akwai gaskiya a cikinta. Ni ma na sha faɗarta a gindin dalbejiya. Amma ki lura da masu faɗar. Ni da na fi kowa iya ta, lokacin da waɗanda aka koro suka iso garin nan da tabarmi a ka, me na yi? Na yi sharhi. Na gida ban je ba, na waje ban je ba, na yi amfani da kowanne na toshe bakin ɗayan. In an jefe ki da wannan magana kada ki yi gardama. Ki ce, "Gaskiya ne, zo mu je tare a kan na gidan, ranar da ka sa." Kuma ki cika. Wanda ya koyi zama a gaban mai mulki saboda yaran Gaza, ya koyi zama saboda yaran ƙauyen da ke bayan gari. Ƙafa ɗaya ce, ƙofa ɗaya ce.

A Abuja za ki haɗu da waɗanda ba addininku ɗaya ba, ba harshenku ɗaya ba, suna riƙe da kwali irin naki. Kada ki tambaye su me ya kawo su. Uwa ce ko uba ya ga abin da kika gani. Mu a zamaninmu mun mai da abin namu mu kaɗai, shi ya sa aka sallame mu da abin da aka san ba za mu iya ƙi ba. Da akwai mutum biyu a falon nan waɗanda ba su san cewa shafa fuska sallama ba ce, da sun ci gaba da zama, da wataƙila mun zauna tare da su. Kada kuma ki bari wani ya mai da taronku wurin zagin wata al'umma ko ƙona wani abu. Kun je neman a daina zubar da jini ne. In kin ga an fara jifa, ki janye matan da suka biyo ki, amanarsu tana wuyanki. Ki riƙa gaya wa Sani inda kike. Yaron kirki ne, ya bar ki kina abin da maza da yawa ba za su bari ba, kada ki saka masa da zullumi.

Saura abu ɗaya. Mutanen nan suna da wata dabara, in an matsa musu a Abuja sai a ce sun tafi mazaɓa, in an zo mazaɓa a ce suna Abuja. In namu ya yi miki haka, ya gudo gida, ki aiko mini. Na gaya wa uwarki ta fito mini da farar rigar nan a wanke. Ta ce, "Ina za ka da ita, kai da ko ɗaurin aure ka daina zuwa?" Na ce ta dai wanke. Ba zan yi jawabi ba, Turancin ma ya tsufa tare da ni. Zan yi sallama, in tuɓe takalmi, in zauna a ƙasa, in yi tambayarki da Hausa. In ya kira liman, in ce amin. Gwiwoyina dama ba sa son tashi, kuma in dai zama ne, babu wanda ya kai ni a garin nan. Shekara ashirin ina koyonsa a gindin dalbejiya, lokaci ya yi da zai yi wa wani amfani.

Albarkar da na riƙe ranar sallama, ga ta. Na yafe miki abin da ba ki ma yi ba, ke ma ki yafe wa ubanki. Allah Ya yi miki albarka, Uwata. Allah Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya tsare Malama Hajara da ayarinta tun daga Kazaure har Kaduna har inda za su sauka, Ya mai da su gida lafiya. Allah Ya ɗaure miki zuciya a gaban masu mulki, Ya sa gaskiya a harshenki, Ya hana ki ɗacin da ya cinye ni. Allah Ya kashe wutar da ke cin Falasɗinawa, Ya kashe wadda ke cin ƙauyukanmu, Ya ji ƙan waɗanda suka tafi, Ya rufa wa marayu asiri. Mahaifiyarki tana gaishe ki, ta ce in kin samu mai zuwa ki aiko mata da labari, ba da tsaraba ba. A gaida Sani.

Na yi addu'ar, amma ban shafa ba. Maganarmu ba ta ƙare ba, sai kin dawo da amsa mu shafa tare.

Wassalam.

Mahaifinki,
Malam Lawal